Tsohon ginin DDS na Njamena: kotu ta ce a mai da shi gidan tarihi, to me ake jira?

Ranar 25 ga watan Maris na 2015, kotun manyan laifuka ta birnin Njamena ta yanke hukuncin da mutane da yawa a ƙasar Cadi ba su taɓa zaton za su ji shi da kunnensu ba. Ta samu mutum 20 daga cikin tsofaffin jami'an tsaron gwamnatin Hissene Habre da laifin kisa da azabtarwa da tsare mutane ba bisa ƙa'ida ba, bakwai daga cikinsu ta yi musu ɗaurin rai da rai. Ta ce a biya mutum 7,000 da aka zalunta diyyar miliyar 75 na sefa, rabi daga aljihun gwamnati, rabi daga dukiyar waɗanda aka ɗaure. Sannan ta ƙara da umarni biyu waɗanda yau ba a cika tuna su ba: a gina wurin tunawa da waɗanda aka kashe cikin shekara guda, kuma a mai da tsohon babban ofishin ƴan sandan ciki, wato DDS, gidan tarihi.

Shekara gudan ta zo ta wuce, wasu shekarun suka bi bayanta. Habre ya rasu, wanda ya kore shi daga mulki shi ma ya rasu, da yawa daga cikin waɗanda suka tsaya gaban kotu suka ba da shaida sun riga mu gidan gaskiya. Gidan tarihin dai shiru kake ji. Ra'ayinmu a nan a fili yake: hukumomin Cadi su cika wannan umarni, su buɗe ginin ga jama'a tun masu iya nuna wa yara abin da ya faru a cikinsa suna da rai. Amma kafin mu kawo dalilai, bari mu ba da labarin ginin, don mai karatu ya san abin da ake magana a kai.

Daga wurin wanka zuwa gidan kaso

Hissene Habre ya karɓi mulki a watan Yuni na 1982. A watan Janairu na 1983 ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar tattara bayanai da tsaro, wadda kowa ya fi sani da haruffanta uku na Faransanci, DDS. Dokar ta ɗora hukumar kai tsaye a ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa, ba minista, ba majalisa, ba alƙalin da zai tambaye ta me take yi. Tana da rundunarta mai ɗauke da makamai da ake kira BSIR, tana da masu kai mata rahoto a unguwanni da kasuwanni da ma'aikatu. A cikin Njamena kaɗai tana da gidajen tsare mutane bakwai, ɗaya ma a cikin harabar fadar shugaban ƙasa yake.

A harabar babban ofishin nata akwai wani tsohon tafkin wanka na siminti, wanda a zamanin mulkin mallaka iyalan sojojin Faransa ke ninƙaya a cikinsa. A 1987 aka rufe samansa da daɓen kankare, aka raba cikinsa ɗaki goma, aka mai da shi gidan kaso na ƙarƙashin ƙasa. Sunan bai canza ba: mutanen gari suka ci gaba da ce masa Pisin, wato wurin wanka da Faransanci. Duk wanda ya san zafin Njamena a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan yadda rami mai murfin kankare yake idan aka cunkusa mutane a ciki. Waɗanda suka fito da rai sun faɗa wa kotu cewa mutum kan mutu, gawarsa ta kwana tare da masu rai kafin masu gadi su ga damar fitar da ita.

Azabar da aka fi sani da wannan hukuma ita ce "arbatashar", kalmar Larabcin Cadi mai nufin goma sha huɗu. A ɗaure hannuwa da ƙafafuwan mutum ta baya, a ja igiya har ƙirji ya bankare, a bar shi haka har jini ya daina zagayawa. Wasu sun fito hannuwansu sun shanye har ƙarshen rayuwarsu. Akwai ɗura wa mutum ruwa har ciki ya kumbura, akwai jona wutar lantarki, akwai matse kai tsakanin sanduna biyu, akwai hana ci da sha har rai ya yi halinsa. Waɗanda suka mutu ana kwasar su zuwa Hamral-Goz, a bayan gari, a zuba a rami, ba wanka, ba likkafani, ba salla. Fursunoni ake sa wa su yi haƙan. Ɗaya daga cikinsu shi ne Clement Abaifouta, wanda aka kama a 1985 yana shirin tafiya karatu Jamus, ya yi shekara huɗu a tsare yana bizne ƴan uwansa fursunoni, daga baya ya zama shugaban ƙungiyar waɗanda aka zalunta.

Kuma abin bai tsaya kan ƙabila ɗaya ko addini ɗaya ba. A 1984 mutanen kudu ne suka sha wuya, a abin da ake kira Baƙar Satumba. A 1987 aka juyo kan Hajarai. A 1989 aka juyo kan Zagawa. Larabawan Cadi su ma sun daɗe ana kama su bisa zargin suna tare da Libiya. Musulmi da Kirista duk rami ɗaya ya haɗa su. A duk tsawon wannan lokaci Faransa da Amurka suna mara wa Habre baya da makamai da kuɗi, saboda shi ne ke tare musu Gaddafi. A watan Yuni na 1987, shekarar da aka rufe Pisin da kankare, shugaba Ronald Reagan ya karɓe shi a fadar White House.

Ginin da ya ƙi yin shiru

Ranar 1 ga Disamba na 1990 Habre ya tsere, dakarun Idriss Deby suka shigo gari, ƙofofin gidajen kaso suka buɗe. Kafin ƙarshen watan sabuwar gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin jagorancin masanin shari'a Mahamat Hassan Abakar. To ji wani abin mamaki: saboda rashin ofis, a cikin ginin DDS ɗin nan aka zaunar da kwamitin. Wato mutumin da aka ɗaure a wurin jiya, yau an ce ya sake shiga ta ƙofar nan ya ba da labari. Da yawa tsoro ya hana su zuwa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Duk da haka kwamitin ya yi aikinsa. A rahoton da ya fitar a watan Mayu na 1992 ya lissafa sunayen mutum 3,780 da suka mutu, ya ƙiyasta cewa jimillar waɗanda aka kashe ta kai 40,000. Ya buga sunaye da hotunan manyan jami'an hukumar. Kuma tun a wancan rahoton ya ba da shawara a gina wurin tunawa da mamatan, a mai da ofishin DDS da Pisin gidan tarihi. Ka ga ashe kotun 2015 ba sabon abu ta ƙirƙiro ba, maganar da kwamitin gwamnati ya yi shekara 23 kafin nan ta maimaita.

Bayan kwamitin ya tashi, aka bar ginin da ƙura. A 2001 wasu ma'aikatan ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch guda biyu, Reed Brody da Olivier Bercault, suka samu shiga. Abin da suka tarar shi ne dubban takardu zube a ƙasa, ɗaki bayan ɗaki: jerin sunayen fursunoni na kullum, takardun shaidar mutuwa, rahotannin tambayoyi, bayanan masu leƙen asiri. Ƴan ƙungiyar waɗanda aka zalunta suka shafe watanni suna kakkaɓe su, suna jerawa, suna ɗaukar kwafi. Da masana lissafi suka tantance, sai aka samu sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da mutum 12,321 da aka ci zarafinsu ta hanyoyi daban-daban. Aka kuma samu takardu 1,265 da hukumar ta aika wa Habre kai tsaye a kan halin da fursunoni 898 ke ciki. Wannan ne ya rushe hujjar cewa shugaba bai san abin da yaransa ke yi ba.

A cikin takardun nan aka tsinci rahoton tambayoyin ƙarshe da aka yi wa Rose Lokissim, wata sojar da aka tsare tun 1984. A gidan kaso takan rubuta sunayen waɗanda suka mutu da waɗanda aka kwashe da dare a kan ƴan guntayen takarda, ta san yadda ta yi ta fitar da su ga danginsu. Asirinta ya tonu. Jami'an da suka yi mata tambayoyi da hannunsu suka rubuta cewa ta gaya musu ko da za ta mutu a kurkuku ba ta nadama, Cadi za ta gode mata, tarihi kuma zai yi maganarta. Aka kashe ta ranar 15 ga Mayu na 1986. Da an rushe ginin nan a 1991, ko da an ƙone takardun, da maganar Rose ta tafi ke nan. Waɗanda suka kashe ta su ne suka adana mata kalamanta, gini kuma ya riƙe amanar shekara 15.

Daga nan shari'a ta samu ƙafar tsayawa. Tun a 2000 Souleymane Guengueng, wani akanta da shi ma ya ɗanɗana kason DDS kuma ya tattara bayanan mutum 792 bayan fitowarsa, shi da abokan gwagwarmayarsa da lauyarsu Jacqueline Moudeina suka kai ƙara Dakar, inda Habre ke zaune. Aka yi ta jan ƙafa. Alƙalin bincike na Beljiyam ya zo Njamena a 2002 ya shiga Pisin da ƙafarsa. A 2012 kotun duniya da ke Hague ta ce wa Senegal ko ta yi masa shari'a ko ta miƙa shi. Aka kafa kotu ta musamman tsakanin Senegal da Tarayyar Afirka, aka fara zama ranar 20 ga Yuli na 2015, shaidu 93 suka yi magana. Ranar 30 ga Mayu na 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar ranar 27 ga Afrilu na 2017, ta kuma ce a biya mutum 7,396 diyyar sama da miliyar 82 na sefa ta hannun wani asusu na Tarayyar Afirka. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Habre ya rasu ranar 24 ga Agusta na 2021 a Dakar, yana cikin wa'adin ɗaurinsa.

Me ya hana?

Ba kuɗi ne babban abin da ya hana ba, kowa ya san wannan. Gyaran gini ɗaya da ɗaukar ma'aikata kaɗan bai kai kuɗin shagali ɗaya na gwamnati ba. Matsalar ita ce mulkin da ya gaji Habre daga cikin gidan Habre ya fito. Idriss Deby shi ne babban kwamandan sojojinsa a lokacin Baƙar Satumba, kafin su ɓata a 1989. A 2005 Human Rights Watch ta lissafa tsofaffin jami'an DDS 41 da har a lokacin ke riƙe da muƙamai a gwamnati da hukumomin tsaro. Lauya Moudeina ma an jefa mata gurneti a 2001 a wajen wata zanga-zangar mata a Njamena, ta ji mummunan rauni. A irin wannan yanayi, gidan tarihin da zai nuna wane ya ba da umarni, wane ya ɗaure igiya, ba kowa ne zai yi murna da shi ba.

Amma yau uzurin ya ragu. Deby ya rasu a watan Afrilu na 2021. Gwamnatin ɗansa Mahamat Idriss Deby ta fara biyan wani abu a watan Fabrairu na 2024: miliyar 10 na sefa ga mutum kimanin 10,700, kowa ya tashi da wajen jaka 925. Mun yaba, domin ko ba komai an amsa cewa akwai bashi. Sai dai a tuna kotun Dakar miliyan 10 ta yanka wa dangin mamaci, miliyan 15 ga wanda aka azabtar, miliyan 20 ga matan da aka yi wa fyaɗe. Abin da aka bayar bai kai kashi ɗaya cikin goma na mafi ƙanƙantar diyyar ba. Tarayyar Afirka ita ma ta ware dala miliyan 5 don asusun, amma shekaru suka yi ta tafiya asusun bai fara raba ko sisi ba. Gwamnatin da ta yarda ta biya wani ɓangare na hukuncin kotu ba ta da hujjar kau da kai daga sauran.

Abin da masu ja ke cewa

Akwai masu ganin bai kamata a buɗe ginin ba, kuma ba dukansu ne masu laifi a wuya ba. Ya kamata a saurare su.

Na farko suna cewa tone-tone ne. Ƙasar da ta sha yaƙin basasa, ga rikicin kudu da arewa, ga na manoma da makiyaya, me ya sa za a fama tsohon gyambo? Wannan tsoro na gaskiya ne. Amma a duba da kyau: labarin DDS ai ba ya ɓoye. Ana ba da shi a cikin gidaje, kowace ƙabila tana ba da nata ɓangaren, kowa yana ganin shi kaɗai aka zalunta kuma ƙabilar wane ce ta yi masa. Wannan shi ne mai haɗari. Yaron kudu da zai shiga ginin ya ga sunan Bazagawe kusa da sunan kakansa a takarda ɗaya, da hatimi ɗaya, zai fita da fahimtar da ba zai samu a zauren gidansu ba: hukuma ce da aka sake mata linzami ta cinye kowa bi da bi. Kuma takardun suna ɗauke da sunayen mutane ɗaiɗai, wanda ya kama da wanda ya sa hannu. Laifi idan aka ɗora shi a kan mai shi, an sauke shi daga kan ƙabilarsa ke nan.

Na biyu suna cewa mai jin yunwa ba gidan tarihi yake buƙata ba, a ba mutane kuɗinsu tukuna. Gaskiya ne tsohuwar da aka kashe mata miji a 1987 ta fi buƙatar magani da hatsi. Sai dai kotu ba ta ce a zaɓi ɗaya ba, duka biyun ta ce a yi. Su kansu ƙungiyoyin waɗanda aka zalunta, da suka yi ta zaman dirshan da zanga-zanga a Njamena a kan diyya, ba su taɓa janye buƙatar gidan tarihin ba. Diyya tana ƙarewa a kasuwa cikin wata biyu, wanda ya karɓa shi kaɗai ya san ya karɓa. Mutum 40,000 kuwa, akasarinsu ba kabarin da danginsu za su je su tsaya su yi musu addu'a. Wurin da aka rubuta sunansu shi ne abin da ya rage da za a iya yi musu.

Na uku suna cewa Habre ya kare ƙasa daga mamayar Libiya, bai kamata a tuna shi da Pisin kaɗai ba. Ba wanda ya musa cewa sojojin Cadi sun yi bajinta a 1987 a Fada da Wadi Dum, kuma kotun duniya ta tabbatar wa Cadi yankin Awuzu a 1994. A rubuta wannan a littafin tarihi, a koyar. Amma nasarar fagen daga ba ta wanke jinin ɗalibi da ɗan kasuwa da malamin makaranta da aka kashe a rami a tsakiyar babban birni. Hasali ma darasin da ya fi kamata a koya ke nan: da sunan yaƙi da abokin gaba na waje aka kafa DDS, kuma da wannan sunan aka rufe bakin duk mai tambaya.

Gani ya kori ji

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya san iyakar abin da alli ke iya yi. Ka rubuta 40,000, yara su kwafa, su haddace, su rubuta maka a jarrabawa, su manta. Lamba ce kawai. Amma ka sauka da su matakalar nan, su tsaya a ɗakin da ba iska, su ga tsohon da aka tsare a wurin yana nuna musu kusurwar da ya kwana, wallahi wannan ba ya fita daga kai. Mafi yawan ƴan Cadi na yau bayan 1990 aka haife su. Cikinsu akwai waɗanda gobe za su sa kakin ɗan sanda da na jandarma, akwai waɗanda za su zama alƙalai. Su ne suka fi kowa buƙatar wannan ziyara.

Wasu ƙasashe sun yi, kuma ba su wargaje ba. A Kambodiya, makarantar sakandaren da gwamnatin Khmer Rouge ta mai da gidan azaba a birnin Phnom Penh, wadda ake kira Tuol Sleng, an bar ta yadda aka same ta, da gadajen ƙarfe da hotunan fursunoni, jim kaɗan bayan faɗuwar gwamnatin a 1979 aka buɗe ta ga masu ziyara. A Sulaimaniyya ta Kurdawan Iraƙi, ofishin jami'an tsaron Saddam da ake kira Amna Suraka ya zama gidan tarihi, har ramukan harsashin 1991 an bar su a jikin bango. A Berlin, mutane sun kutsa babban ofishin ƴan sandan ciki na Jamus ta Gabas a watan Janairu na 1990 don kada a lalata takardu, yau wurin gidan tarihi ne, kuma doka ta ba kowa damar karanta fayil ɗin da aka rubuta a kansa. A Johannesburg, kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu a harabar tsohon gidan yari aka gina ta, har da tubalin wani ɓangaren kurkukun aka yi aikin. Kambodiya a lokacin ba ta fi Cadi ta yau arziki ba. Niyya ce ta bambanta su.

Abin da muke nema

Na ɗaya, gwamnatin Cadi ta fitar da doka a rubuce da ke sa ginin da Pisin cikin wuraren tarihi na ƙasa, yadda ba mai iya rushe su ko sayar da filin. Filin tsakiyar babban birni abin kwaɗayi ne, kuma gini idan aka bar shi ruwa da gara suna yin aikin da katafila za ta yi, ba tare da kowa ya ɗauki laifi ba.

Na biyu, kada a yi masa kwalliya. Mun san halinmu: da an ce gyara, sai a kawo fenti da tayil da na'urar sanyaya ɗaki. A tare ruwa, a ƙarfafa abin da ke shirin faɗuwa, amma bango da ƙofofi da duhun wurin a bar su yadda suke. Su ne shaidar.

Na uku, ƙungiyoyin waɗanda aka zalunta su kasance cikin masu tafiyar da wurin, ba ƴan rakiya ranar yanke kyalle ba. A ɗauki muryoyinsu da hotunansu yanzu, da Larabcin Cadi da Sara da Faransanci da sauran harsunan da mutanen Njamena ke ji, har da Hausa. Mutumin da aka kama yana da shekara 30 a 1985 yau tsoho ne. Kowace damina ana rasa wasu.

Na huɗu, takardun DDS su samu mazauni a wurin, a ɗauki hotonsu a kwamfuta, a ajiye kwafi a fiye da wuri ɗaya, kuma ɗan da ke neman sanin ranar da mahaifinsa ya mutu ya samu damar dubawa ba tare da ya san wani babba ba.

Na biyar, ma'aikatar ilimi ta sa wannan zamani a manhajar tarihi, makarantun horon malamai su koya wa malamai yadda za su gabatar da shi ba tare da cusa ƙiyayyar ƙabila ba. Tarayyar Afirka kuma, da ta yi ta alfahari da shari'ar Dakar a matsayin shaidar cewa Afirka na iya hukunta nata, ta ƙarasa aikin da ta fara.

Mu da ke maƙwabtaka

Wani zai ce ina ruwan mai karatu a Damagaram ko Difa ko Marwa da wani tsohon gini a Njamena? Ruwa da tsaki. Daga Kusiri ana hango Njamena a tsallaken kogi, fatakenmu da almajiranmu da danginmu suna can tun garin yana Fort-Lamy. Ban da haka, yankinmu duka yana cikin zamanin da kalmar "tsaro" ke buɗe kowace ƙofa kuma take rufe kowane baki. Matsalar tsaron gaskiya ce, jami'an da ke ba da ransu a daji sun cancanci girmamawa. Amma labarin DDS yana nuna inda hanya ke ɓullewa idan aka ce hukuma tana iya kama mutum ba takarda, ta ajiye shi inda danginsa ba su sani ba, ba lauya, ba alƙali. Ba a rana ɗaya aka kai ga Pisin ba. Shekara huɗu ce tsakanin sa hannu a dokar 1983 da zuba kankaren 1987, kuma a tsakanin nan mutane da yawa sun ga alamu suka ce ba da su ake ba. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu ma muna da namu tsofaffin komisariya da gidajen kaso da ɗakunan ajiyar takardu da ba mai leƙa su. Taron ƙasa na Nijar na 1991 ya kafa kwamitin binciken laifuka da cin zarafi, Najeriya ta yi kwamitin Oputa a 1999, Ghana ta yi nata na sasantawa daga 2002. Ɗalibai nawa ne a yau suka taɓa ganin shafi ɗaya na abin da waɗannan kwamitoci suka tattara? Cadi tana da abin da sauranmu ba mu da shi: ga gini a tsaye, ga takardu, ga shaidu da rai, ga hukuncin kotuna biyu. Idan ita ta buɗe ƙofar, ta ba duk yankin misali.

Alƙawari kaya ne, balle umarnin kotu. Hukumomin Njamena su sa rana, su faɗa wa jama'a, su ba Clement Abaifouta da sauran tsofaffin da suka rage makullin wurin da aka taɓa kulle su. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba waɗanda suka rage haƙƙinsu tun suna raye.